Yawan siminti ne ke hana gini rushewa a girgizar ƙasa?

Tambaya: Injiniya, idan aka zuba siminti da yawa aka kaurara ginshiƙai, ashe gini ba zai jure girgizar ƙasa ba?

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam. Girgizar ƙasa jijjiga gini take yi gefe da gefe, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarfin da zai fizge shi. Kankaren da aka lafta ba lissafi, kaya ne aka ƙara wa ginin.

Abin da muke nema shi ne gini ya lanƙwasa, ya tsage ma in ta kama, amma kada ya zube a kan mutane. Kankare yana da juriyar danni, amma da an ja shi sai ya fashe. Rodi ne ke riƙe shi. A cikin rodin ma, waɗannan ƙananan zobban da ake ɗaure dogayen roduna da su, waɗanda magina kan raina, su ne jigo. Ana matso da su kusa da juna a sama da ƙasan ginshiƙi, a lanƙwasa bakinsu ciki zuwa digiri 135 don kada su buɗe. Kuma dole ginshiƙi ya fi bim ƙarfi, wato kankaren da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi yana ɗauke da bene, domin bim in ya tsage a gyara, ginshiƙi kuwa in ya karye bene ya zauna kan bene.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hawan ƙasa da ake bari fayau, ba bango, saboda shaguna ko ajiye motoci. Irin waɗannan gine-gine da dama sun durƙushe a girgizar Turkiyya ta 2023.

Dubi 2010. Girgiza mai maki 7.0 ta kashe fiye da mutum 100,000 a Haiti. Bayan makonni kaɗan mai maki 8.8 ta afka wa Chile, inda ake aiki da dokar gini sosai, mamatan ba su kai 600 ba. Japan ma ta tsaurara dokarta a 1981, kuma a girgizar Kobe ta 1995 tsofaffin gine-gine ne suka fi rushewa.

Akwai kuma dabarar ɗora gini kan matasan roba da ƙarfe don ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa, sai dai tana da tsada, an fi yi wa asibitoci da manyan gine-gine. Kai mai ƙaramin gida, fara da gwajin ƙasar filin, domin ƙasa mai laushi ƙara wa girgiza ƙarfi take yi, sannan injiniya ya duba ɗaurin rodin kafin a zuba kankare.