Ku Tambaya Mu Amsa: Lis ta cika da sa hannu, amma matasan suna tare da mu kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da ke da duk ma'aikatan mujallar ga. Ni ɗiyarki ce daga Tawa. Muna da ƴar ƙungiya ta matasan unguwa maza da mata, muna sharar unguwa, muna koya ma ƴan mata ɗinki da haɗa sabulu, lokacin hutu kuma mu yi ma yaran lakkol bita. To bana Allah ya sa munka samu wani proje ya kama muna, kuma duk wata uku sai mun aika rapor, cikin rapor ɗin akwai wurin da sunka ce mu rubuta yawan matasan da sunka shiga aikin da kuma yadda shigar tasu take. Ni dai abin da na sani lis ɗin sa hannu ne da hoto. Amma Anti abin na damu na, don ranar da akwai kuɗin mota ɗakin cika yake har da na tsaye, ranar da babu kuwa daga mu ƴan biro, wato shugabannin ƙungiyar, sai ƴan tsiraru. In na rubuta babban adadin sai in ji kamar ƙarya nike, in na rubuta ƙaramin kuma ina tsoron a janye tallafin. Don Allah yaya ake auna wanga abu tsakani da Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ki gaida mini mutanen Adar. Ki kwantar da hankalinki, lis ɗin nan ba ƙarya ba ce, sai dai tambaya guda kawai take amsawa, wato wa ya shigo ɗakin ran nan. Ba ta gaya miki ko ya sake dawowa, ko ya buɗe baki, ko da ya buɗe an ji shi. Kar ki yar da ita, masu proje suna buƙatarta don lissafin kuɗinsu, amma kar ki ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Abu na farko ki sayi kaye guda na ƙungiya, wato littafin rubutu. Ki rubuta sunan kowane matashi sau ɗaya tak a gefen hagu, a sama kuma ki jera ranakun da kuka yi aiki, duk ranar da mutum ya zo ki sa masa alama, ranar da aka raba kuɗin mota ki zagaye kwanan watan da jan bik. Shi ke nan fa. Bayan wata uku in kin buɗe kayen nan za ki ga abin da lis goma ba za su nuna miki ba, za ki ga waɗanda suka zo sau ɗaya suka ɓace, da masu leƙowa jefi-jefi, da waɗanda ko da kuɗi ko babu suna nan. Kuma zai hana ki kuskuren da ƙungiyoyi da yawa ke yi ba da gangan ba, a yi taro 5 kowane da mutum 40 sai a rubuta an kai ga matasa 200, alhali ƙila mutum 50 ne ke ta juyawa.

A rapor ɗin ki rubuta duka biyun, kowane da sunansa: ga adadin waɗanda suka taɓa zuwa, ga adadin waɗanda suka zo fiye da rabin ranakun, ga waɗanda suka zo a ranakun da ba a ba da ko dala ba. Ba ki ɓoye komi ba, ba ki ƙara komi ba.

Amma ina roƙonki kar ki riƙe masu zuwa ranar kuɗi a zuciya. Yaron da ke kabu-kabu in ya aje babur ya zauna muku tun safe har azahar, cefanen gidansu ne ya aje, jikka guda ko biyu da aka ba shi ba kwaɗayi ba ne, madadin wuninsa ne. Haka yarinyar da aka ɗauke ma talla ran nan. Abin da jan bik ɗin zai nuna miki shi ne wane aiki ne ke jan mutane da kansa, wane ne kuma sai an biya. In kin ga ɗinki na cika ba kuɗi amma zaman wayar da kai sai da kuɗi, to matasan sun riga sun ba ki amsa, aikin ne ke son gyara.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi tsayawa, don nan ne ainihin maganar take. Zuwa daban, samun ta cewa daban. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashe na 12 ta ce yaro na da haƙƙin faɗin ra'ayinsa kan duk abin da ya shafe shi kuma a ba ra'ayin nan nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya yi ma UNICEF, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yara, wani aiki inda ya kwatanta shigar yara da matasa da tsani mai hawa 8, kuma ya ce hawa uku na ƙasa ba shiga ba ce sam: a sa su faɗi abin da ba su ma gane ba, ko a yi ado da su, ko a zaunar da ɗaya ko biyu a gaba don dai a ce da matasa aka yi. Ke ma kin sha gani, a raba tishat da hula, a ba su kyalle mai rubutu su riƙe, a miƙa ma wata yarinya takardar jawabi da babba ya rubuta ta karanta gaban manyan baƙi, a tafa, a ɗau hoto, kowa ya watse. A lis wannan taron ya fi kowane kyau. A tsanin nan yana can ƙasa. Can sama kuwa shi ne matasa su ƙirƙiro abu da kansu su jawo manya a yanke shawara tare.

To ta yaya za ki auna wannan da kaye? A bayan kayen ki ware ƴan shafuka, duk aikin da kuka yi ki rubuta wa ya kawo shawararsa, wa ya zaɓi rana da wuri, wa ya riƙe kuɗin, kuma su matasan sun san nawa ne kuɗin ko ku ƴan biro kaɗai kuka sani. Sannan ki rubuta duk lokacin da kuka canza wani abu saboda maganar wani matashi, misali kun mayar da taro daga safe zuwa bayan la'asar don ƴan mata sun ce da safe suna aikin gida. In wata uku suka wuce shafin nan fari fat, to ko ɗakin na cika kullum akwai gyara, kuma gyaran daga wajenku zai fara. Ni a ganina wannan shafin ya fi duk sauran daraja, don shi kaɗai ne ke auna ku shugabanni, sauran duk matasan suke aunawa.

Ki lura kuma da abin da suke kawowa ba a roƙe su ba. Wanda ya zo shara da tsintsiyar gidansu ko ya aro baro wajen maƙwabci, wadda ta jawo ƙawarta, wanda ya tsaya bayan an tashi ya naɗe tabarmi, wanda ya bugo waya yana tambaya yaushe ne na gaba. Gayya mun gaje ta, ba proje ya kawo mana ita ba. Iyayenmu har yau suna ba da labarin Samariya ta zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce, yadda samari da ƴan mata ke fitowa gina azuzuwa da dashen itace ƙarƙashin sarkin samari, an yi aiki na gaske ba musu, amma ki tuna tsarin daga sama yake saukowa, hukuma ce ke bayansa, saboda haka yawan fitowa kaɗai bai isa ya gaya mana yawan masu ta cewa ba. Kuma in kun yi dashen itace ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa, kar ki tsaya ga ƙirga waɗanda suka fito ran nan, ki koma a watan Afrilu cikin tsananin zafi ki ga itace nawa ke raye, su wa ke ba su ruwa.

Sai maganar lokaci, wadda ke da kike Tawa kin fi ni sani. Da an gama girbi samarin Adar da yawa bida suke tafiya, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu kuma su gangara garake aikin albasa, da damina kuwa gona ta ɗauke kowa. In adadin maza ya faɗi a Disamba ba lallai ƙungiyarku ce ta gaza ba. Ki rubuta dalilin a rapor ɗin ɓaro-ɓaro, don mai karantawa a biro a Yamai ko a Turai ba lallai ya san kalandar garinku ba, kuma in za ki kwatanta ki kwatanta rani da rani, damina da damina.

Ki raba lissafin maza da mata, da kuma shekaru. Yarjejeniyar matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce matashi shi ne daga shekara 15 zuwa 35, to kin ga ɗan 33 mai mata da ƴaƴa da ƴar 16 duk sunansu matasa, amma in suka zauna ɗaki guda kin san wa zai yi magana wa zai sunkuyar da kai. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai 15 ba, in ƙananan nan shiru suke a taronku to babban kaso ne ba ku ji ba.

Kuma ki tambaye su da baki. Ba takardar cikewa da Faransanci ba, don da yawa ba su yi nisa a lakkol ba kuma za su cika miki abin da suke zaton kina so ne. Ku bi samari fada inda suke shan shayi, ƴan mata kuma a zauna da su su kaɗai, kuma ba ke shugaba za ki yi tambayar ba, kunya ba za ta bari su gaya miki gaskiya ba, ki tura sa'arsu. Tambaya biyu ma ta isa: mi ya sa kake zuwa, mi za ka canza da kai ne shugaba. Waɗanda suka daina zuwa su ma a neme su, cikin mutunci ba da sigar tuhuma ba, wata aure aka yi mata, wata a gida aka hana ta saboda ana tashi bayan magariba, wani kuma wani babba ne ya gwale shi gaban mutane bai sake dawowa ba. In za ki sa labarin wani ko hotonsa a rapor ki nemi izininsa, in yaro ne na iyayensa, kayen sunayen kuma ya zauna hannun mutum ɗaya amintacce.

Game da tsoron janye tallafi, kar ki jira sai ranar rapor. Ki kira wanda ke bin dosiyenku tun yanzu ki ce masa ga yadda kuke so ku riƙa ƙirgawa, ki nuna masa kayen. Da yawansu su ma ana tambayarsu irin wannan daga sama kuma ba su da abin nunawa sai hoto.

TAMBAYA: Salam Anti, ƙanenki ne daga Yamai. Gurup ɗinmu na WhatsApp na matasan unguwa ya haura mutum 300, zan iya rubuta su duka a matsayin mambobi masu aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, rubuta su a matsayin waɗanda saƙonku ke isa gare su, wannan ma abin faɗi ne. Da yawa wani ne ya jefa su ciki, wasu sun canza lamba, wasu sai sun samu kuɗin data suke buɗewa. In kana so ka san masu aiki, tura vokal da Hausa da Zabarmanci ka kira wani ƙaramin aiki, kamar yashe kwalbatin layinku kafin ruwan farko, ka sa rana da awa, ka ce kowa ya zo da abin aikinsa. Ka rubuta waɗanda suka zo, da waɗanda suka aiko uzuri ko gudummawa, bayan sati biyu ka sake kira, amma a karo na biyun ka bar su su zaɓi aikin da ranar da kansu.