Hukuncin dafa fudin Kirsimeti a gidan Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Landan da maigidana da 'ya'yanmu. Duk watan Disamba yara suna ganin wani abin zaƙi a kantuna da ake kira fudin Kirsimeti, sun dame ni in yi musu. Na ga yinsa ba wuya, turarawa ake yi kamar alkubus. Shin ya halatta in dafa shi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, asalin kowane abinci halal ne har sai an sami dalilin da ya haramta shi, kuma kasancewar Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro girkin ba dalili ba ne. Fulawa da garin busasshen burodi da zabibi da sukari da ƙwai da kirfa da kanumfari, a cuɗa su a zuba a kwano, a rufe bakinsa, a ɗora cikin tukunyar da ruwa ya kai rabin kwanon ya yi awa 6 zuwa 8 yana turaruwa, duk wannan babu laifi a cikinsa. Matsalar tana cikin abin da suke ƙarawa.

Mafi girma ita ce giya. A yadda suka saba, ana jiƙa zabibin cikin barasa mai ƙarfi ya kwana, bayan an dafa a ajiye fudin makonni, ranar ci kuma a kwarara masa wata barasar a kunna mata wuta a kai shi tebur yana ci bal-bal. Allah ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce a nisance ta, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Za ki ji ana cewa zafi yana ƙone barasar. Ba duka take fita ba, balle a kwanon da aka ɗaure bakinsa. Ko da a ce ta fita ƙarƙaf, hukuncin bai sauya ba, domin a wurin jumhurun malamai, har da Malikiyya, giya najasa ce, idan ta ratsa kwaɓi ta ɓata shi gaba ɗaya. Sannan kafin ta kai ga kwano sai an saye ta an ɗauko ta, mai saye da mai ɗauka kuwa suna cikin waɗanda hadisi ya la'anta. Lokacin da sahabi Abu Ɗalha ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, ko zai mayar da ita khal, wato ruwan tsami na binega, an umarce shi ya zubar, alhali dukiyar marayu ce. Ki jiƙa zabibinki da ruwan lemon zaƙi ko na tuffa ko baƙin shayi. Sai dai ki sani wanda babu barasa ba ya jure doguwar ajiya, don haka a sa shi a firji a cinye cikin 'yan kwanaki.

Kitsen da ake sawa na gefen ƙodar saniya ne ko tunkiya. Aya ta 5 ta Ma'ida ta halatta yankan Ahlul Kitabi, amma malamai sun yi saɓani kan naman kantunan Turai da ba a san yadda aka kashe dabbar ba, kuma tunda mahautan halal sun wadata a Landan, ga kitsen da aka yi da man tsirrai, ga man shanu, ban ga abin da zai kai ki ga shubuha ba.

Saura batun bikin kansa. A al'adarsu ana kwaɓa fudin ranar Lahadin da ta gabaci makonnin shirin Kirsimeti na coci, kowa a gidan ya juya kwaɓin ya ƙudurta buri a ransa, a jefa kwabo a ciki don sa'ar wanda ya tsinta, a kafa ganye mai ƙaya a kai wanda ake fassarawa da kambin ƙayar gicciye. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba, aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta yanke wannan, neman sa'a daga kwabo kuma camfi ne. Ki bar waɗannan duka, kuma kada ki keɓe ranar 25 ga Disamba da dafa shi, saboda hadisin da ya ce wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu, yara kuwa abin da suka ga ana maimaitawa duk shekara shi suke ɗauka a matsayin bikin gidansu. Ki yi musu a wata rana daban, ko ki haɗa shi cikin girkin Sallah. Idan maƙwabta suka aiko muku da nasu, ki yi godiya ki tambayi abin da ke ciki, in da barasa ki bayyana musu uzurinki cikin ladabi. Allah ne mafi sani.