Hukuncin Sana'ar Tura Waƙoƙi A Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan shago a Samaru inda nake cajin waya, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori suna biyana. Wasu nakan sauko da su daga intanet, wasu kuma abokan sana'a ne suke ba ni. Akwai na bege, akwai na siyasa, akwai na soyayya, har da karatun malamai. Wani abokina ya ce kuɗin haram nake ci domin sata ce. Ni kuwa ban ɗauke wa kowa komai ba, waƙar mawaƙi tana nan a hannunsa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da yake shiga cikinka. Tambayarka biyu ce a riga ɗaya, kuma sai an raba su.

Ta farko ita ce abin da ke cikin waƙar. Duk wanda ya zauna a zauren karatu a birnin Zariya ya san inda mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce ba ya halatta ka yi gangancin sauraron ɓarna, ko wani abu na kayan wasa da waƙa. Mafi yawan malamai sun hana kayan kiɗa ban da mandiri a wajen aure, hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari mai zargin masu halatta kayan kiɗa. Ibn Hazm ya saɓa musu, wasu na baya suka bi shi. Ba zan warware wannan saɓani a nan ba. Amma waƙar batsa, da ta zagi da cin mutunci irin wadda take yawaita lokacin zaɓe, da wadda aka ƙetare iyaka a yabo har aka taɓa haƙƙin Allah, waɗannan babu wanda ya halatta su. Tura su taimako ne a kan saɓo, aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuɗinsu ma haram ne ko da mawaƙin da kansa ya ba ka izini da hannu biyu.

Ta biyu ita ce wadda kuka yi gardama a kai da abokinka: waƙar da babu laifi a cikinta, ta wa ce bayan ta fita?

Ka ce ba ka ɗauke masa komai ba. Wannan magana tana da asali a fiƙihu, kada ka ji kamar shirme ka yi. Magabatan Hanafiyya sun tafi a kan cewa dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a adana, amfani kawai ba dukiya ba ne. Da wannan ne wasu malaman zamani suka ce wanda ya sayi littafi ko kaset ya mallake shi, yana iya kwafa yadda ya so. Sai dai Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila suna ƙirga amfani a cikin dukiya, shi ya sa ake biyan kuɗin haya alhali gidan yana nan bai ragu ba. Da za ka kwana a ɗakin mutum wata guda ba da saninsa ba, ka ce ai ban ɗauke ko bulo ɗaya ba, alƙali ba zai saurare ka ba. Mawaƙi ya ɓata dare yana tsara baiti, ya biya kuɗin situdiyo, ya biya 'yan amshi. Abin da yake jira shi ne cinikin da zai biyo baya, kuma wannan cinikin ne ya koma aljihunka.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira mallakar masu su ne, suna da ƙima ta kuɗi a al'adar zamani, Shari'a tana kare su, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Ni ma a kan wannan nake. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna sai ta ciniki bisa yarda, kuma Annabi (SAW) ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ga kuma dokar ƙasa, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta hana kwafa don sayarwa ba da izini ba, kuma ba ta umarce ka da saɓo ba balle ka ƙi ta.

Amma abokinka ya ɗan zarce. Wannan ba satar da ake yanke hannu ba ce, domin ba a fitar da wani abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa ba. Ta'adi ne a kan haƙƙi: akwai zunubi, akwai biya, hukuma kuma tana iya ladabtarwa.

Saura yadda ake gane yarda, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa. Yarda takan zo da baki, takan zo da al'ada. Mawaƙan Hausa da yawa yau su suke sakin waƙarsu a WhatsApp da TikTok suna roƙon a yaɗa, domin abincinsu yana wajen biki da taro da wanda ya ɗauki nauyin waƙar. Wanda ya yi haka ya yafe, ka saurara, ka tura wa ƙaninka, babu komai. Wanda kuwa ya sa tasa a inda sai an biya, ko ya ce kada a kwafa, maganarsa ce abin bi, Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Imam Ƙarafi, a cikin littafinsa Furuƙ, ya bambance wanda aka mallaka wa amfanin abu da wanda aka yi wa izinin ya amfana shi kaɗai. Na biyun kamar ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar waƙafi ne: ya zauna, amma ba shi da ikon ba da haya. Wanda ya sa waƙarsa a YouTube kyauta izinin saurare ya ba ka, yana kuma samun ɗan abu daga masu kallo. Bai ba ka izinin ka kwashe ka buɗe kasuwa da ita ba.

Karatun malamai ya fi sauƙi. Galibinsu yaɗuwa suke so, da yawa ma sukan faɗa a majalisi. Waƙoƙin Shehu Usmanu da na Nana Asma'u ai da kwafar hannu suka iso mana, ba wanda ya nemi ko anini. Idan ka tura irin waɗannan, kuɗin da ka karɓa ladan wahalarka ne da wutarka da kwamfutarka, halal ne. Sharaɗi ɗaya: kada ka yanke maganar malami ka haɗa ta da wata, ko ka liƙa mata sunan wani. Wannan cin amana ne, kuma mun ga fitinar da yake haddasawa.

To, abin da za ka yi: ka tsabtace kwamfutarka daga waƙoƙin batsa da zagi da ƙetare iyaka a yabo gaba ɗaya. Abin da ka san mai shi sayarwa yake yi, ka nemi izininsa ko na wakilinsa, ko ku yi yarjejeniyar kaso, mawaƙan nan ba wuyar samu suke da ita ba. Wanda ka rasa sanin matsayinsa, bar shi har ka sani. Abin da ya wuce kuwa, ka tuba, ka kimanta ribar da ka ci a kan haƙƙin mutane gwargwadon rinjayen zatonka. Wanda za ka iya kaiwa gare shi ka biya shi ko ka nemi yafiya, wanda ba za ka iya ba ka yi sadaka da rabonsa da niyyar ladan ya je masa. Cajin wayarka ba abin da ya taɓa shi, ci gaba da abinka.

Allah ne Mafi sani.