Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Gam Ɗin Ifoksi Ya Ƙi Kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makanike ne mai gyaran injuna. Na yi amfani da gam ɗin ifoksi, wanda ke zuwa a mazubi biyu, don in liƙe murfin wani inji da ya tsage. Da yake ina sauri, sai na ƙara sinadarin daskararwa fiye da yadda aka rubuta, amma har bayan kwana biyu yana nan da danƙo. Mene ne kuskurena, kuma da gaske ne manyan masana'antu suna dogara da wannan gam?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren yana cikin ƙarin da ka yi. Ifoksi ba ya bushewa irin yadda gam ɗin kafinta ke bushewa, inda ruwa ke fita ya bar abin da ke riƙe katako. Mazubi ɗaya ƙaro ne, wanda galibi ake haɗawa daga sinadarai biyu, bisfenol A da efikulorohidirin, ɗaya mazubin kuma madaskari ne, wato sinadarin daskararwa. Idan aka gauraya su, ƙwayoyin wannan suna sarƙewa da ƙwayoyin wancan har su zama abu guda mai tauri wanda wuta ba ta sake narkar da shi, kuma wannan sarƙewar ce ke fitar da ɗumin da ake ji a jikin kwanon haɗi. Kowace ƙwaya tana da adadin abokan da za ta kama, don haka duk madaskarin da ya yi rara zai zauna a ciki bai kama komai ba, ya bar gam ɗin da laushi. Abin da ke hanzarta kamawa shi ne ɗumi, sanyi kuma yana jinkirta ta.

Batun dogaron masana'antu kuwa gaskiya ne, kuma ya daɗe. Tun 1946 kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da gam ɗin ifoksi mai suna Araldite, bisa aikin masanin sinadarai Pierre Castan. A yau ifoksi ne ke riƙe zaren gilashi a allunan da ake jera kayan lantarki a kai cikin kwamfuta da waya, shi ne a fukafukan fankokin da ke samar da lantarki daga iska, kuma kusan rabin nauyin jirgin sama ƙirar Boeing 787 haɗaɗɗun kaya ne, akasarinsu zaren kabon da aka jiƙa da irin wannan ƙaro.

Sai dai ina so ka lura, domin abin yana damuna ƙwarai, cewa ifoksi iri-iri ne, kuma kowanne da aikinsa. A watan Yulin 2006, manyan falankan kankare sun rikito daga rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston na Amurka, suka kashe wata mata a cikin mota. Bincike ya nuna cewa ifoksin da aka kafa ƙusoshin rufin da shi irin mai saurin kamawa ne, wanda ba ya jure nauyin da ke jansa dare da rana, sai ya riƙa saki a hankali har ƙusoshin suka zare. Shi ya sa ba na son ganin an liƙe abin da ke rataye a saman mutane da kowane irin gam aka samu.

Game da murfinka, kankare tsohon gam ɗin gaba ɗaya, domin ba zai taɓa kamawa ba. Ka yi amfani da sinadarin asiton ka wanke mai da giris, ka cire tsatsa, sannan ka goge wurin da samfefa ya yi kaushi. Ka auna kashi biyun daidai yadda aka rubuta, ka duba ko da nauyi ake nufi ko da yawa, ka gauraya har launin ya zama ɗaya, kana sanye da safar hannu, saboda madaskarin yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Idan wurin yana ɗaukar zafin inji, ka nemi irin da aka yi don zafi, kuma ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ka tayar da injin.