Wane tayil ya dace da garejin da aka mayar wurin aikin kafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Garejin gidanmu ba a ƙara sa mota a ciki ba tun rasuwar mahaifinmu, shi ne na mayar da shi wurin aiki. Ina yin ƙofofi da gadaje da bencin makaranta. Daɓen siminti ne a ƙasa, amma ya farfashe yana tayar da ƙura, da damina kuma sai ya yi danshi. Na tara ɗan kuɗi ina so in sa tayil. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa wa sana'a albarka.

Kada ka yi saurin hawa motar Kano zuwa kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa tukuna. Danshin nan da ka ambata a ƙarshen magana shi ne babbar matsalarka, ya fi zaɓen tayil muhimmanci. Garuruwan da ke kusa da kogin Haɗeja, irin su Ringim, ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, kuma mafi yawan tsofaffin garejin ƙauye an yi daɓensu ne kai tsaye a kan turɓaya. Ka gwada da kanka: shimfiɗa leda mai faɗin mita 1 a kan daɓen, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga ta yi gumi ta ƙasa, ruwan daga cikin ƙasa yake tasowa. Tayil ɗin da aka ɗora a kan irin wannan wuri ba ya daɗewa, kuma katakon da ka jingine a nan zai riƙa shan danshi yana lanƙwashewa, ga gara tana jiran sa.

Maganinsa a fasa tsohon daɓen, a daddaɓe ƙasar ta zauna, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare mai kaurin inci 4. Kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, musamman in lokacin hunturu ne da iska ke busar da shi da wuri. Ƙarfinsa ba ya cika sai ya yi kwana 28. Magina sukan yi gaggawa a nan, ka tsaya a kansu.

In da ni ne, daga nan zan tsaya. Kankare mai kyau da aka goge samansa ya ishi kafinta. Sauran kuɗin in sayi tabarmar roba mai kauri in shimfiɗa gaban teburin aiki, inda ake wuni a tsaye. Tana sauƙaƙa ciwon baya da gwiwa, kuma in kurfi ya suɓuce maka ya faɗi, bakinsa ba zai dakushe ba.

Amma na san zuciya in ta ƙwallafa a kan tayil, sai tayil. To, abu na farko ka guji mai sheƙin nan da ake sa wa falo. Garin katako a kan tayil mai sheƙi ya fi miyar kuɓewa santsi, kuma mutumin da ke tura katako cikin injin zarto ba shi da damar zamewa ko sau ɗaya. Ka nemi wanda in ka shafa da tafin hannu za ka ji ɗan kaushi. A jikin wasu kwalaye ana rubuta ma'aunin santsi daga R9 zuwa R13. R10 ko R11 ya yi maka. Wanda ya wuce haka kaushinsa na riƙe ƙura, shara ta zama aiki.

Na biyu, tayil iri biyu ne a kasuwa: siramik na gama-gari da kuma fosilin. Fosilin an fi gasa shi, ya fi tauri, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Shi za ka saya. Kada ka dogara da bakin mai shago kawai, juya tayil ɗin ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take siramik ne, in ruwan ya tsaya fosilin ne. In ka ga an rubuta PEI, ma'aunin jure gogayya ke nan, ka ɗauki 4 ko 5. Girma kuwa, mai santimita 40 da 40 ya fi mai 60 da 60 a wurin aiki, domin ƙarami ya fi zama daram, kuma ranar da guduma ta fasa ɗaya asarar kaɗan ce. Za ta fasa kuwa.

Launi toka-toka mai haske, don in ƙusa ta faɗi ka gan ta kafin ƙafar yaron shago ta gan ta.

Akwai kuma tayil na roba mai tauri da ake harhaɗawa baki da baki ba tare da siminti ba. Yana da daɗin tsayuwa, amma da tsada, kuma sai ƙasa ta bushe ta daidaita. Mai huji-huji kada ka kula shi, garin katako zai cika ramukan. Mai laushi kamar soso kuwa ƙafar inji za ta lotsa shi cikin mako guda.

Wajen sawa, ka ce wa mai aikin ya cika bayan kowane tayil da siminti baki ɗaya, ban da ɗigo huɗu a kusurwa. Bayan ya bushe ka bi da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Duk wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba. A bar 'yar tazara tsakanin tayil da bango saboda zafin bazara da ke sa shi buɗewa. Ka ƙara kwali 1 a kan kowane 10 ka ajiye a ɗaki, don in ka koma kasuwa bayan shekara biyu da wuya ka sami irin launinsa.