Gashin zomayena na zubewa, wai in shafa musu baƙin mai?

Tambaya: Salam Dakta. Na sayo namijin zomo irin Chinchilla na haɗa da zomayena na gida don in samu masu gashi mai laushi, amma 'ya'yan gashinsu sai zubewa yake, hanci da kunne duk ɓawo. Wani ya ce in shafa baƙin mai. Ko irin ne ba kyau? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka bar maganar iri tukuna, wannan ɓawon ƙazuwa ce, ƙwaro ne ke haƙa cikin fata. Kuma don Allah kar ka kusanci baƙin man nan. Wallahi na gaji da maganar, kullum sai an kawo min zomo ya yi baƙi ƙirin yana warin gareji, wai maƙwabci ya gwada a akuyarsa ta warke. Zomo fa da harshe yake wanka, duk abin da ka shafa masa sai ya lashe, kuma ba ya iya amai, to man da ya gama yawo cikin inji ya kwaso dattin ƙarfe ina zai je in ba hanta da ƙoda ba? Ga ƙuna a fata, wani lokacin gashin wurin ma ba ya dawowa, kai da gashin kake nema. Masu haɗawa da kalanzir kuwa ban san me zan ce musu ba. Bakanike aikinsa mota, haba jama'a.

Allurar ivermectin ake yi ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kamar sati 2, kuma da nauyin zomo ake auna ta, saboda haka ka kai su asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru, ka wanke kejin tas, ka ware masu ciwon.

In sun warke sai a zo zaɓe. Kar ka yanke hukunci da gashin yarinta, jira su kai wata 5 zuwa 6. Ka hura iska a bayan zomo, in fata ta fito fili gashin bai cika ba, in da ƙyar ka hango ta wannan shi za ka ajiye. Ka riƙa canja namiji, kar ya yi ta hawan 'ya'yansa. Harawa da ganyen gyada kar su yanke, sannan ka bari zafin Maris da Afrilu ya wuce kafin ka haɗa su, zafi na rage ƙarfin namiji.