Ki bar su su taka, amma ba su kaɗai ba

'Yar'uwa, sannu. Kin ce mai adaidaitan da ke kai miki yara ya sake ƙara kuɗi, makarantar ba ta da nisa sosai, kina tunanin ko su riƙa takawa ko ki saya wa babbansu keke, amma tsoron titi ya hana ki sakat. Wallahi halin da na shiga ke nan, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Kowa gani yake adaidaita ta fi tafiyar ƙasa aminci. Ni ma haka na ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 namu ya fara haɗa gidaje da yawa a sawu ɗaya. Kujerar mutum uku, sai ya loda yara kamar buhunan albasa, biyu a gefensa, wasu a but tare da jakunkuna. Ban ga laifinsa a kan neman abinci ba, mai ya yi tsada. Abin da har yau yake ci min rai shi ne ranar da ya sha kwana da gudu 'yata ta faɗo. Ya ɗauke ta, ya kai ta kemis aka shafa mata magani, ya saya mata alawa, ya ce kada ta faɗa a gida. Yarinya 'yar aji biyu! Ta wuni tana ɓoye hannu cikin hijabi, sai dare na ga ya kumbura suntum. A asibitin ƙashi na Dala aka ce ƙashin ya tsage. Washegari mutumin nan ya zo ƙofar gida yana danna hon kamar ba a yi komai ba. Da Babansu ya tare shi, cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta ce ka koya wa 'yar mutane ƙarya? Allah ya isa, ban yafe wannan ba.

Yanzu a ƙasa suke tafiya, amma a ayari. Mun haɗu mu gidajen layinmu, kullum babba ɗaya ke raka su da safe, wani ya ɗauko su, muna karɓa-karɓa. Ta lungu suke bi, ko da ya fi nisa. Ki bi hanyar da ƙafarki tukuna, ki ga inda kwata take a buɗe saboda damina. Inda dole sai an hau titi, su riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ƙananan a ciki. In akwai gadar sama ta masu tafiya a ƙasa irin ta Kurna, a hau ta, komai lattin da aka yi.

Ga hayaƙi kuma. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita ta cika gari. Ki tsaya ƙofar makaranta da safe ki gani, duk injina a kunne, hancin ɗan firamare kuma ya fi na babba kusa da salansa. Lokacin hunturu ga ƙura ga hayaƙi. Ƙaramin nawa da ke fama da tari ya samu sauƙi sosai tun da suka koma bin lungu. Mu iyaye ma da ke zuwa da mota, don Allah a riƙa kashewa in an tsaya jira.

Keke kuwa, in ɗan sakandare ne kuma ba babban titi zai hau ba, ki saya, ki riƙa duba birki da kanki. Kada ya goyi ƙaninsa a kariya. Titin Katsina ko na Zariya kam, ko kyauta aka ba ku keken, a'a.

Ku kuma matsa a taron iyaye da malamai a rubuta wa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a nemi jami'i a bakin titi lokacin tashi, da kuma tudun rage gudu. Ki fara da maƙwabciya ɗaya da kika yarda da ita, sauran in sun ga kuɗin motar da ya ragu za su biyo. Allah ya tsare mana su.